Murfin Rijiya ta Uku

Ranar da zan ɗebi ruwa ba na shan mai. Tun jajibiri nake cika tankin mota, in wanke hannu da sabulu har sau biyu, in sauya kaya. Ba na fesa turare, ba na barin maigidana Flemming ya saka mini ko tsinke a bayan mota. Mutane suna cewa na cika tsirfa, to su yi ta faɗa. Aikina neman fetur ne a cikin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma injinan ɗakin gwaji suna gano abin da bai kai ɗigo guda ba a cikin tankar ruwa cike. Wanda ya riƙe tiyon gidan mai da safe, ya zo ya taɓa kwalabena da hantsi, ya gama da ni.

Sunana Bodil. Shekara goma sha huɗu ke nan ina zuwa Askemose, sau huɗu a shekara, kuma duk garuruwan da nake zagawa a yammacin yankin Jylland babu inda nake ɗokin zuwa kamar nan. Gida ɗari biyu ne da 'yan kai, da coci, da kanti ɗaya, da gidan ruwansu na jan bulo wanda bai fi garejin mota girma ba. Ruwan nasu ne. Kakanninsu suka haƙa burtsatsen, su kuma suke zaɓar masu kula da shi duk shekara. Ba a zuba masa magani. A tace shi da yashi kawai, ya wuce cikin butar kofi.

Abin da ke kawo ni tsohon gidan man da ke bakin titi ne, wanda aka rufe tun ina makarantar sakandare. Da aka tono tankinsa sai aka tarar gindin ya huje kamar rariya. An kwashe ƙasar da za ta kwasu, amma sauran man ya riga ya nutse, yana bin ruwan ƙasa sannu a hankali zuwa gangare, kuma a gangaren nan burtsatsen gari yake, tazarar taku ɗari huɗu. Sai ƙaramar hukuma ta sa aka haƙa siraran rijiyoyi uku a jere tsakanin gidan man da burtsatsen. Kowace bututu ce kawai mai kaurin damtse, da murfin ƙarfe da kwaɗo, da tiyon roba da ke rataye a ciki, wanda nake haɗawa da ƙaramin famfona in zuƙo ruwa. Ta ɗaya tana gindin tsohon tankin, kullum da mai a cikinta. Ta biyu tana tsakiyar gonar wani manomi Ingvar, ɗan kaɗan ake samu. Ta uku tana bayan shingen gidan ruwa, ita ce mai gadi. Ƙa'idar a rubuce take: in aka ga mai a ta uku sau biyu a jere, za a rufe burtsatse, a jawo wa gari bututu daga birni. A shekara goma sha huɗu ban taɓa ganin komai a cikinta ba.

Shugaban kwamitin ruwa Aksel ne, tsohon makanike, dogo, mai shekara saba'in da huɗu. Gidan man na mahaifinsa ne, marigayi Ejnar. Kowa a garin ya sani, ba kuma mai tayar da zancen in ban da Ingvar, wanda shi dama bakinsa ba linzami. Shekara ashirin da shida Aksel yana shugabanci, ba wanda ya taɓa neman kujerar, don ba wanda zai iya wahalarta. Shi ke wanke yashin tacewa, shi ke fitowa cikin ƙanƙara in bututu ya fashe, shi ke fentin ƙofa duk bazara ko ba ta koɗe ba.

Duk ranar zuwana ina shan kwanar coci zan hango shi a bakin shinge, da hularsa, ya riga ya cika kofin gilashi daga famfon gidan ruwa.

"Ɗanɗana, yarinya," zai ce. Shekarata hamsin da uku, amma a wurin Aksel yarinya ce ni. "Faɗi gaskiya, kin taɓa shan irinsa a birninku?"

"Shugaba, ruwa ai ruwa ne."

"Ji ta! Wai ruwa ruwa ne. To me ya sa kike shanyewa?"

Ina shanyewa ɗin kuwa, don ruwan Askemose yana da sanyi da garɗi, amma ban taɓa ba shi wannan bakin ba. Daga nan mu bi rijiyoyin. Ni ce da kaya, shi yana biye, in na durƙusa aiki ya ja baya taku biyar ya goya hannu a baya. Ni na kafa masa wannan dokar tun shekarar farko. Na kuma hana shi kawo injin yankan ciyawa kusa da rijiyoyin, saboda da fetur yake aiki. Bai yi gardama ba, ya je ya zaro laujen kakansa daga rumbu ya wasa shi, kuma tun daga ranar ciyawar da ke kewaye da rijiyoyin nan ta fi ta harabar coci kyau. In mun gama sai mu wuce kicin ɗin matarsa Rigmor, mu sha kofi da kek mai kirfa, ni da ita mu haɗu mu yi ta tsokanarsa. A nan nake hutawa, gaskiya, fiye da gidana.

A watan Nuwamba na zo da hannu a ɗaure, na faɗo daga keke na gurɗe wuyan hannu. Murfin ta uku kuwa ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Na sa sifana na danna, zafi ya soke ni har kafaɗa, na yi ashar ɗin da ban san na iya ba. Aksel ya yo gaba.

"Tsaya inda kake!" na daka masa tsawa.

Ya tsaya. Minti goma na yi ina fama kafin murfin ya yarda, shi yana tsaye yana kallo, fuskarsa a yamutse kamar hannunsa ne ke ciwon.

Da na dawo a Fabrairu, murfin nan da yatsa biyu na murɗa shi ya buɗe. Na ce yau na tashi da sa'a. Na zuƙo ruwa na zubar har ya yi garau, na cika kwalabe fal ba ko ƙwayar iska, na jera su a kula da ƙanƙara, muka tafi cin kek.

Bayan kwana goma Solvej ta ɗakin gwaji ta kira ni. Solvej ba ta kira sai da dalili, takarda take turowa.

"Bodil, kina zaune?"

"Ina tuƙi. Faɗi."

"To faka. Askemose ce. Ta uku."

Na faka a gefen wata gona. Ta karanto mini lambobin, na ce ta sake, ta sake. Mai ne, ba tantama, kuma ya ninka abin da doka ta yarda da shi sau shida. Ruwan burtsatsen kansa lafiya lau, amma mai gadi ta yi ihu.

Dole in sanar da ƙaramar hukuma, na sanar, suka ba ni mako uku in sake ɗiba. Dole kuma in sanar da shugaban kwamiti. Na daɗe da waya a hannu kafin in danna.

Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sai ya ce, "To. Ya iso ke nan."

"Aksel, sau ɗaya ne. Sai an ga na biyu."

"Na sani, yarinya. Na gode da kika kira da kanki."

Ya ajiye wayar. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abin ya tsaya mini a rai, don bai yi ma'ana ba. Ta biyu, wadda ta fi kusa da tankin, man cikinta bai taɓa raguwa kamar wannan karon ba. Mai ba ya tsalle. Ba zai tsallake gonar Ingvar ya dira a bayan shinge ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza, in ba daga ƙasa ya zo ba, to daga sama ya zo, kuma a sama ni ce. Shekara ashirin da bakwai ina wannan aiki ba a taɓa dawo mini da kwalba an ce na ɓata ba. Na koma gida raina a dagule, na tarar da Flemming yana soya ƙwai, na hau shi.

"Ka ɗauki motata a Fabrairu?"

"Sannu da zuwa ke ma."

"Ka sa jarkar man injin jirgin ruwanka a ciki, ko ba ka sa ba?"

"Bodil, jirgin yana kan tudu a lulluɓe tun Oktoba. Kuma ni ina son rayuwata. Motarki ko inuwarta ba na bi."

Gaskiyarsa ce, kuma na san da haka tun kafin in tambaya. Akwai kwalbar ruwa mai tsabta da nake yawo da ita a kula ba na buɗewa, don ta tona asirin motar in motar ce da laifi, kuma ta dawo tas. Na ci ƙwan ban ba shi haƙuri ba, sai washegari.

Kwana biyu bayan haka Solvej ta sake kira. Ta ce ta zauna ta kwatanta man ta uku da na ta ɗaya. Man da ya shekara talatin da wani abu a ƙasa yana tsufa, sassansa masu saurin tashi suna ɓacewa, saura ya yi nauyi. Na ta uku kuwa sabo ne fil.

"In ba ki haushi," ta ce, "kamar jiya aka saye shi."

Ban gaya wa Aksel ba. Ba na ba mutum fata a kan abin da ban gane kansa ba, kuma a lokacin har yanzu kaina nake zargi.

Ranar ɗiba ta biyu na shawo kwanar coci ban ga kowa a bakin shinge ba. Rigmor ce ta fito daga gidansu, da mayafin ulu a kafaɗa, ta tare ni tun ban kashe mota ba.

"Yana zuwa, yana neman mabuɗi," ta ce. "Bodil, mutumin nan ya daina shan ruwa."

"Wane ruwa?"

"Na famfo. Mako biyu ke nan. Madara yake sha, kofinsa ma da ruwan kwalba na kanti yake haɗawa, yana ɓoyewa a gareji kada maƙwabta su gani."

"Haba! Ai na gaya masa burtsatsen lafiya lau yake. Ku sha, ku ba jarirai."

"Ba tsoro ba ne. Ni yana cika mini buta da hannunsa. Cewa ya yi shi ba shi da bakin shansa." Ta gyara mayafinta. "Haka ubansa ya yi. Tun ranar da aka tono tankin nan Ejnar bai ƙara kai ruwan gari bakinsa ba, shekara tara, har ya rasu. Jarkoki yake ɗorawa a mota ya je garin ƙanwarsa ya ciko. Yanzu ga wannan ya ɗauko. Ya ma rubuta takardar ajiye aiki, ranar Asabar a taron shekara zai karanta."

Kafin in ce wani abu sai ga shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, babu kofin gilashi, babu "yarinya". Muka gama ta ɗaya da ta biyu, muka zagaya bayan shinge.

Na sa sabuwar safar hannu, na buɗe kwaɗo, na ɗora yatsa biyu a kan murfin. Ya juya sumul.

A nan na tsaya. Ƙarfen da ya yi tsatsa a Nuwamba ba ya warkewa da kansa a cikin hunturu. Na juya murfin na duba cikinsa. Zaren ƙarfen yana ƙyalli. Na jawo tiyon roba. Bakinsa, wanda na sani kore da gansakuka shekara da shekaru, fari ne tas. Na kai shi hanci. Ƙanshin kaɗan ne, amma hancina ya san abincinsa.

"Aksel. Wa ya taɓa murfin nan?"

"Ni ne." Ya faɗa a sanyaye, kamar wanda aka tambayi abin da ba shi da muhimmanci. "Na ga yadda kika sha wuya da hannunki. Na ce kafin ki dawo in gyara miki. Ban taɓa ruwan ba, na san doka. Murfin kawai, sai bakin tiyon da ya yi datti."

"Da me ka goge?"

"Da burushin ƙarfe, sai tsumma."

"Tsumman da me a jikinsa?"

"Da ɗan..." Ya buɗe baki, bai rufe ba.

Na ga lokacin da abin ya sauka a kansa. Mutum ne da ya tashi a gidan mai, tun yana ɗan shekara bakwai in ƙarfe ya yi datti gwangwanin fetur ake miƙa masa da tsumma. A wurinsa mai shi ne wanda ake zubawa a tanki ko wanda ya yi yoyo a ƙasa. Na cikin tsumma sabulu ne. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana sunkuyo da lauje don kada hayaƙin inji ya kusanci rijiyar, shi ne ya zo ya wanke mata baki da fetur.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi masa tatas. Na ce roba tana shan mai kamar yadda burodi ke shan miya. Na ce mako uku ban yi barcin kirki ba, na zargi mijina, na zargi hannuna, na kusa zargin Solvej. Na ce garin neman gira ya kusa tsone wa gari ido. Na ce wa ya aike shi? Wa ya ce masa hannuna na neman taimako? Yana tsaye ya cire hula yana murza ta, kunnuwansa sun yi ja.

Da na tsagaita don in ja numfashi, sai ya ce a hankali, "Ke nan ba man tsoho ba ne?"

Duk faɗan da na yi, wannan kaɗai ya ji. Fushin ya zube mini a take, kunya ta maye gurbinsa.

"Ban sani ba tukuna," na ce. "Ina zaton ba nasa ba ne. Amma naka zai iya rufe nasa. Sai an gwada."

Na yanke tsohon tiyon na ƙulle a leda don Solvej. Na wanke bakin bututun da sabulun aiki da ruwa mai tsabta, na zura sabon tiyo, na bar famfo yana zuƙa har awa biyu, ninkin abin da na saba sau huɗu. Aksel ya koma taku goma, ba biyar ba. Da na rufe kula ya matso.

"Za ki rubuta a rahoto?"

"Dole."

"Da sunana?"

"Zan iya cewa wani ne ya goge."

Ya dubi shingen. "A garin nan mabuɗi biyu ne, naki da nawa. In kin ce wani, za su ce ke ce. Bari in faɗa da bakina ranar Asabar. Ki zo, akwai miyar wake."

Sakamako ba zai fito ba sai bayan taron da kwana biyar, amma na je. Ɗakin taron gari ya cika, abin da Rigmor ta ce ba a taɓa gani ba, don a shekarun lafiya mutum ashirin ne ke zuwa, su ma don miyar. An ci an sha, an rera waƙa ɗaya kamar yadda aka saba, sannan Aksel ya miƙe da takarda a hannu. Ya dube ta, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya faɗi komai yadda ya faru, tun daga hannuna har tsumman, bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba. Ya ce har yanzu ba a tabbatar ba, burtsatse yana iya tafiya. Ya zauna.

Sai Ingvar ya ture kwanonsa, ya goge gemu.

"To, jama'a," ya ce, "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban ya zuba daga ƙasa, ɗan ya zuba daga sama. Aksel, kana da jika namiji ko? A gaya mana ta ina zai ɓullo, mu shirya."

Na dubi Aksel. Kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta kama shi, irin wadda ba ta da sauti. Rigmor ta fashe, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Wata tsohuwa a baya tana share hawaye tana cewa, "Da tsumma! Wayyo, da tsumma!" Shekara talatin da wani abu ana kewaya zancen nan a garin kamar kashin kare a kan hanya, yau an taka, kuma ba wanda ya mutu.

Da aka lafa Aksel ya sake miƙewa ya ce duk da haka yana ganin ya dace ya sauka.

"Sauka ina?" in ji Ingvar. "Ka ɓata, ka gudu, ka bar mu da wankin yashi? Wa zai fito ƙarfe biyar na asuba in bututu ya fashe, ni? Zauna, malam. Ni na kawo shawara: a sake zaɓarsa, amma a karɓe mabuɗin rijiyoyi a ba Rigmor, kuma in yarinyar nan tana aiki hannunsa ya zauna a aljihu."

Aka ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, amma ban ga wanda ya bar nasa a ƙasa ba sai Aksel. Rigmor ta miƙa tafinta, ya ciro mabuɗin daga zoben mabuɗansa da kyar, ta jefa a jaka ta ja zif. Na lura dai, duk tulunan ruwan da aka jera a tebur, bai taɓa ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis da hantsi takardar Solvej ta shigo. Ina iya kiran waya, amma na ɗauki mota. Kafin in fita na buga wata takarda da na daɗe ina ajiyewa a kwamfuta, zanen lambobin ta ɗaya da ta biyu na shekara goma sha huɗu.

Na same shi a gidan ruwa yana shara. Rigmor ta hango motata ta biyo ni da silifas.

"Tas," na ce. "Ta uku babu komai. Tiyon da na yanke kuwa Solvej ta ce a jiƙe yake da sabon mai. Naka ne, shugaba, kai kaɗai."

Ya jingina tsintsiyar da bango. Rigmor ta dafe ƙirji ta zauna a kan matakala.

Ni ba mai alkawari ba ce. Aikinmu ya koya mana mu ce "ya zuwa yanzu", kuma shekara da shekaru abin da nake gaya masa ke nan, ina ganin na kyauta. Ban san kowane "ya zuwa yanzu" nawa a kansa yake kwana ba. Na shimfiɗa takardar a kan murfin tankin tacewa na nuna masa layin da yatsa. Ta ɗaya ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin biyar na yadda na same ta. Ta biyu ta kusa taɓa ƙasa. Na ce masa akwai ƙananan halittu a cikin ƙasa da ke cin man nan, kuma suna cinsa fiye da saurin tafiyarsa. Shekara shida ke nan bai ƙara ko taku ɗaya ba, ja da baya yake yi.

"Zan ci gaba da zuwa, don doka ta ce in zo," na ce. "Amma in ra'ayina kake so, man babanka ba zai iso nan ba. Ya ƙare a gonar Ingvar. Ya kamata a ce na gaya maka tun bara."

Ya daɗe a sunkuye a kan takardar, yana bin layin da ido, hannunsa a aljihu. Sannan ya juya, ya ɗauko kofin gilashin daga kan taga, ya ɗauraye, ya cika, ya miƙo mini kamar kullum.

"Ɗanɗana, yarinya."

"Na sha na shekara goma sha huɗu," na ce. "Ya fi na birni, ka ji na faɗa. Yau kai za ka fara."

Ya dubi kofin, ya dubi Rigmor. Ya kai baki ya shanye a tsaye, ina jin saukarsa a maƙogwaronsa. Ya goge baki da bayan hannu. Na miƙa hannu in karɓa, sai ya sake tara kofin a famfo har ya cika.

"Wannan na tsoho ne, bari in sha masa," ya ce.

Wannan kam a hankali ya sha shi, kurɓi-kurɓi, ni da Rigmor muka jira har ya gama.